Silikin Hajiya Tekna a Ramin Baba

Jikana ya sayo galura ƙulle a leda, ya juye ta a bokitin ruwan zafi, ya tsoma tsohon wandonsa, kafin la'asar ya shanya shi a igiya. Ya zo ya tsaya a kaina da abokansa suna dariya, wai ashe wannan ce sana'ar da nake ba su labarinta kamar labarin yaƙi. Na ce ya wanke wandon tukuna, in ya bushe ya dawo mu yi magana. To ku yaran yanzu, abin da kuke yi canza launi ne. Rini wani abu ne dabam, kuma na ci abinci da shi a Tawa tun kafin a haifi iyayenku.

Aikin farko da aka ba ni a marinar Arzika shi ne kwashe mataccen rami. Ramin baba ya fi tsayin mutum zurfi, an shafe cikinsa da laso don kada ya tsiyaye. In baban da ke ciki ya ƙare ƙarfi, ruwan sai ya koma dagwalo, wari kamar mushe. A ɗaura maka igiya a ƙugu, ka sauka da ƙwarya, kana ɗebowa ana ja. Can ƙasa akwai laka baƙa, ita ce katsi. Ba a zubar da ita. A cura ta, a shanya, a ƙone, ta koma toka mai ƙarfi da za a haɗa sabon rami da ita, ragowar kuma a kwaɓa da gashin awaki daga majema a yi laso. Ranar da na fara shiga, ko uwata ba ta yarda na zauna kusa da tukunyarta ba.

Haɗa sabon rami shi ne ilimin. A zuba ruwa, a zuba toka da ƙonannen katsi, a zuba busasshen baba da aka daka aka cura, a rufe da kwando. Daga nan sai muciya, doguwar sanda ce da za ka yi ta dama ramin da ita safe da yamma har kafaɗa ta mutu. Kwanaki kana yi kafin kumfa ta taso da ƙyalli kamar wuyan tantabara. Arzika ba ya auna komai da mudu. Yatsa yake tsomawa ya lasa. In ruwan ya ciji harshe, rami ya yi ƙarfi. In bai ciza ba, rago ne. Yakan ce mini da irin maganarmu ta Ader, "Nomau, halshe shi ka rini, hannu bara na." Kuma kaya ba ya fitowa shuɗi daga rami. Kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya juya a gabanka. Ka sake tsomawa, ka sake ba shi iska, haka har ya kai inda mai shi ke so.

Bayan rami sai mabuga. Nan ake naɗe kaya a kan gungume, a barbaɗa garin shuni, ƙarti su zauna suna dukansa da manyan itatuwa har ya ɗau sheƙi kamar ƙarfe. Tun daga bakin kasuwa kana jin ƙarar, kuma mai kunne ya san ko aiki ake ko lalaci.

Na daɗe a ƙarƙashin Arzika, na iya abin da zan iya. Amma na lura da abu ɗaya: mai rini hannunsa ke baƙi, mai kai kayan kasuwa shi ke ɗinka sabuwar riga. Na gaya masa a fili zan koma fatauci. Bai yi fushi ba. Ya ce daman tun ranar da na shiga rami ya ga idona a kan hanya yake. Na fara da jaki aro da 'yan zannuwa, ina bin kasuwar Barmu da ta Kalfu. Lokacin da aka sami mulkin kai ina da raƙuma nawa na kaina, ina sayen farin yadi in kai wa Arzika ya rina, ina kuma sauka kudu in ɗauko alasho, wato baƙin rawanin nan mai sheƙi da ake yi a ƙasar Kano, in haura da shi arewa.

Wani ciniki da na yi a farkon shekarun nan ya koya mini cewa mai saye iri biyu ne. Wani ma'aikacin biro, wato ofishin gwamnati, da aka turo daga yamma ya ce in kawo masa rawani mafi kyau don salla. Na kai masa alasho na gaske. Washegari ya zo yana huci, wuyan farar rigarsa ya yi shuɗi, goshinsa ya yi shuɗi, wai na sayar masa da kayan da ke zuba. Na karɓa ban yi gardama ba. Wannan rawanin dai na kai shi can arewa, bayan garin Takanamat, wani Ba'abzine ya murza shi da babban yatsa, ya duba yatsan ya ga ya yi baƙi, ya ce yauwa, nawa ne. A wurin Abzinawa shunin da ke zuba a fata shi ne ado, shi ne alamar mutum yana da hali, mata ma suna cewa yana kare fata daga rana. Abin da ɗan birni ke kira aibi, shi mutumin daji ke biya.

A arewa ba ka ciniki sai da mai masauki. Nawa Agali ne, mutumin kirki mai raƙuma da yawa, zangonsu na yawo tsakanin rijiyoyin da ke arewa da Takanamat. In na sauka gunsa, shi ke aika wa sauran zanguna cewa baƙonsa ya zo, kuma sunansa ne jinginata. Amma ku sani, a can tanti na mace ne. Namiji baƙo ne a ciki. A zangon Agali kuwa maganar uwarsa ce ƙarshe, Hajiya Tekna, tsohuwa 'yar firit wadda ta tafi Makka ta ƙasa, ta yi shekaru a hanya, ta dawo da ƙafarta.

Sai ga muguwar shekara, 'yan shekaru bayan mulkin kai. Ruwa ya ɗauke a Ader hatsi na cikin bunƙasa. Kan gero ya tsaya fanko. Baban da ake nomawa a fadamu ya ƙone. Karan da muke ƙonawa mu sami toka, mutane suka yanke shi suka ɓoye wa dabbobi. Wanda ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya sayen sabon zane, sai dai mata su kawo tsohon da ya koɗe a ɗan maimaita masa. Ramukan Arzika suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka kife musu kwanduna. Kasuwar Barmu da ta Kalfu suka zama wurin gaisuwa. Arewa kaɗai ta rage, don can an sami ciyawa, masu dabbobi suna da abin sayayya. Gidana da gidan Arzika duka a kan wannan hanya ɗaya muke ci.

Cikin wannan hali Hajiya Tekna ta aiko a kira ni tantinta. Ta jawo jakar fata, ta fito da wani farin yadi ta shimfiɗa a cinyarta. Ban taɓa ganin irinsa ba. Yana da nauyi a hannu amma yana zamewa kamar ruwa, in ka dunƙule shi kusa da kunne sai ka ji yana ɗan kuka.

Ta ce, "Ba'adare, ka san wannan?"

Na ce, "Siliki ne, Hajiya."

"A Jidda na saye shi. Na ɗauko shi a kan raƙumi, na ɗauko shi a jirgin ruwa, ɓarayi sun kwashe mana kaya a hanya, shi yana ɗaure a cikina. Jikana Ilyas ya isa naɗa rawani. Da wannan za a rufe masa fuska. Ka kai a rina shi."

Naɗin rawanin farko a wurinsu ba wasa ba ne. Ranar ne yaro ke zama namiji, daga ranar ba a ƙara ganin bakinsa. Na ce mata siliki ba auduga ba ne, yana da wuyar sha'ani, ko ta bari in kawo alasho mafi kyau da ke ƙasar Kano. Ta dube ni kamar na yi maganar yara.

"Alasho kowa na da shi. In ba ka iyawa ka faɗa, akwai wani Bahaushe da ke zuwa rijiyar gabas."

Na naɗe yadin na sa a jaka. Da Agali ya rako ni wurin raƙuma ya ce, "Aboki, ka ji tsoron Allah da kayan nan. Babu wani irinsa. In ya lalace, ni ba ni da bakin da zan tare maka. In ta juya wa mutum baya, babu tantin da zai shimfiɗa masa tabarma daga nan har iyakar ciyawa."

A Tawa akwai wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, muna ce masa Mushe Amadu yadda ake kiran malamai da Faransanci, mutumin Damagaram, yana haya a gidan da ke jikin namu. Na nuna masa wani jan hatimi da ke bakin yadin, rubutun ba Larabci ba, ba boko ba. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce shi ma bai iya karantawa, amma rubutun mutanen Japan ne. Ya ce ya taɓa gani a wata mujalla, can ma akwai masu rini da hannu, suna rina irin wannan siliki don dogayen rigunansu da suke kira kimono. Wai sukan zana fure da kunun shinkafa don launi ya tsallake wurin, su shafa launi da gashi a hankali, sa'an nan su kai yadin kogi mai sanyi su bar ruwa ya yi ta wanke shi.

Na ce, "Mushe, su ma hannunsu baƙi na kamar namu?"

Ya ce hoton bai nuna hannu ba.

Na ce, "To ka ga kogi a Tawa?"

Muka yi dariya. Amma na riƙe abu ɗaya daga maganarsa: mutanen da suka saƙa abin nan lallaɓa shi suke, kuma ruwa mai yawa suke ba shi.

Ni kaina na taɓa ganin abin da rami mai ƙarfi ke yi wa siliki. Ina yaron marina matar wani likita ta kawo ɗan kwalinta, aka jefa shi a sabon rami tare da zannuwa. Ya fito da launi mai kyau, amma ya bushe kamar ganyen masara, sheƙin ya mutu, da aka ja shi sai ya yage a hannu. Tokar da auduga ke sha ta ƙoshi, siliki cin sa take. Sai dai Arzika ya tafi a kan cewa ɗan kwalin daman ruɓaɓɓe ne.

Na same shi a bakin rami ɗaya tilo da yake tayarwa, bayan ya yi ta tara toka gida-gida. Na buɗe yadin na gaya masa na wane ne, da inda ya fito.

Na ce, "Maigida, tsohon rami nika so, wanda ya gaji."

Ya ajiye muciya. "Mi ka ce?"

"Wanda ƙarhinshi ya kusa ƙarewa. Sabo shina cinye shi."

"Kayan da ya taka ƙasar Makka za ka jehwa cikin dagwalo? Nomau, hwatauci ya cinye maka kunya. Ga sabon rami nan shina tahe. Wa ya hi wanga cancanta da tsoman hwarko?"

Ku ba ku san wannan al'ada ba. Tsoman farko na sabon rami girma ne, ba a sayen sa. Rigar babban malami ake sa wa, ko ta hakimi, ko kayan wani da ake jin nauyinsa, don a buɗe ramin da albarka. A wurin Arzika, ka ce a kai kayan mutunci tsohon rami daidai yake da ka ba baƙo ɗumamen jiya alhali ga sabon tuwo.

Na ce, "Na ji, Maigida. Amma don Allah kada a taɓa shi sai na dawo."

Ya ce, "Ƙwai ya hwara koya ma kaza kwanci."

Tsohon rami mai rai kuwa babu shi a Tawa a lokacin, duk sun mutu. Na ji labarin wasu mata a Kalfu da ke rini a tukunya, rinin tukunya kuma ba ya da zafi. Na bar yadin wurin matar Arzika ta jiƙa shi a ruwa mai daɗi don ya saki sitacin kanti, tun da dai kayan da ka kai wa maigidanka ba ka ɗauke shi ka fita da shi, cin fuska ne. Na hau jaki na tafi Kalfu. Na tarar tukwanen a kife, kaji na kwana ƙarƙashinsu. Matan suka ce rabonsu da baba tun kafin damina. Na kwana, na juyo hannu wofi.

Da hantsi na shigo marina. Tun daga nesa na hango abu a kan igiya, iska na kaɗa shi ba irin yadda take kaɗa auduga ba. Na sauka daga jakin ban ɗaure shi ba.

Ramin ya nuna ne ranar da na tafi, nunannen rami kuwa ba ya jira. Abin da ke hannun Arzika na aiki tsofaffin zannuwa ne masu faci. Ya ce shi ba zai buɗe raminsa ɗaya na shekara da tsumma ba alhali ga kayan Makka a gidansa. Ya ɗauko ya tsoma.

Yana zaune ya ba igiyar baya. Da ya ji tafiyata bai ɗago ba, ya ce, "Ka yi haƙuri, Nomau. Na ba ka kunya."

Na matsa kusa da igiyar. Na kama bakin yadin. Ya bushe, launinsa shuɗi ne fari-fari kamar sama da rani. Na murza, yana zamewa. Na zaro zare ɗaya daga gefe na ja da ƙarfi, ya shiga naman yatsana bai tsinke ba. Na dunƙule shi a kunne, yana kukansa. Sai na zauna a kan kifaffen kwando.

Arzika na ta magana. "Bai kama ba. Dubi abin kunya, kamar an wanke shi da bula. Tun da nike ban taɓa haɗa ragon rami irin wanga ba. Tokar murhun mata ta, rabi kashin awaki rabi rairayi. Amma bari, yanzu nika gyara shi."

Sai a lokacin na ga ƙwarya a bakin ramin, cike da kanwa da ya jiƙa, jira yake ta narke ya juye don ramin ya yi ƙarfi. Na tashi na ɗauke ƙwaryar na kai ta can bayan gungumen bugu. Na dawo na tsoma yatsa a ramin na lasa. Da rai, yana da ɗanɗanon baba, amma ko kaɗan bai ciji harshe ba. Abin da na je nema Kalfu, yunwar shekarar ta haɗa mana shi a gida.

Na ce, "Maigida, in kana ƙaunar uwayenka, kada ka ƙara mishi komi."

"Ka haukace? Haka za ka kai ma Abzinawa?"

"A'a. Mu yi ta tsomawa. Rago in an bi shi a hankali shina kai kaya gida."

Ya dube ni, ya dubi ramin, ya ce, "Kayanka na. In sun kore ka, kada ka ce ni."

Aikin da rami mai ƙarfi zai gama a yini ɗaya, mun fi mako muna yin sa. A tsoma a hankali, ba matsewa, ba murɗawa, a ɗaga da hannu biyu, a shanya a inuwa ya sha iska, a bar ramin ya huta, a sake. Na tuɓe rigar fatauci na koma yaron marina. Kullum launin na ƙara nutsewa, daga na sama ya koma na gashin zabo, daga nan ya wuce. Tun Arzika na yi yana tsaki har ya daina, ya koma shi ke cewa a dakata, bai gama shan iska ba. Da ya kai shuɗin da ke dab da baƙi, irin na gabas bayan magariba, muka tsaya. Na jiƙa tsamiya na tace, na ɗauraye shi a ciki don tsamin ya kashe sauran tokar. Sa'an nan ruwan daɗi, tulu bayan tulu, a shekarar da mata ke kwana a bakin rijiya. Matata ta ce yadin nan ya fi 'ya'yanta shan ruwa. Gaskiyarta.

Saura mabuga. Babbansu, Bawa, ya zo da kansa ya miƙo hannu. Na ce wannan ba ya shan bugu, sanda ɗaya za ta farfasa zaren.

Ya ce, "Rinin da bai sha bugu ba, ai amarya ta ba lalle. Ina shunin da za ya zuba?"

Nan ya taɓo inda ke mini ciwo. Yadin ya yi kyau, yana da sheƙinsa na kansa, amma na murza shi da yatsa, yatsan ya fito fes. Na gwada shafa garin shuni a wani ɗan gefe, ya kakkaɓe kamar ƙura. Na san hannun da zai karɓe shi, na kuma san abin da hannun zai fara yi. Na naɗe shi a farin ƙyalle. Cikin kayana na zaɓi alasho guda, siriri, mafi zubar shuni da nake da shi, na ware shi dabam.

Na sami zangon sun matsa gaba da inda na bar su. Agali ya tarye ni, muka gaisa gaisuwarsu mai tsawo. Ba a sauke mini kaya ba. Aka wuce da ni tantin Hajiya kai tsaye.

Ta buɗe ƙyallen. Ta ɗaga yadin ta fito da shi bakin tanti inda rana take. Matan da ke kusa suka matso. Ta ja shi ta ji ƙarfinsa, ta shinshina. Sa'an nan ta murza da babban yatsa, ta juya yatsan ta duba. Ta sake murzawa da ƙarfi.

Ta ce, "Marowaci ne. Ya ci baba ya hana."

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Ba zai zuba ba, yau ko gobe. Shunin da ke zuba da sanda ake dukan sa ya zauna, wannan kuwa in aka doke shi ya mutu. Ko in kawo miki shi da rai ba ya zuba, ko in kawo miki tsumma mai zuba. Na zaɓi na farko."

"To jikana zai yini da rawani, ya kwance, fuskarsa fara kamar ta ɗan lakkwal?"

Wata daga cikin matan ta yi dariya ta rufe baki. Agali yana kallon ƙasa.

Na fito da alashon. Na ce a ba ni turmi. Aka kawo, na kife shi, na roƙi Agali ya naɗa masa rawani kamar kan mutum: alasho a ciki, shi ne zai rufe baki da goshi ya taɓa fata, silikin kuma a bisa, ya zagaye kai ya sauko kafaɗa. Agali ya durƙusa ya naɗa, a hankali, irin naɗinsu mai tsayi. Da ya gama ya ja da baya. Baƙin alasho na ƙyalli daga ƙasa, shuɗin silikin ya kwanta a kansa, iska na ɗaga jelar. Hannuwan Agali kuwa sun yi baƙi har wuyan hannu.

Hajiya ta zagaya turmin. Ta kama hannun ɗanta ta duba. Ta ɗago ta dube ni.

"An aike ka rini, ka dawo da ciniki. Yanzu sai na sayi alashon ke nan."

Na ce, "Hajiya, raƙumina ba ya cin godiya."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta koma cikin tanti, ta jawo jakar fatar nan, ta zura hannu har kafaɗa. Ta fito da farin siliki, irin wancan sak, tsawonsa ɗaya, gefe guda da alamar wuƙa.

Agali ya ce, "Inna! Ashe biyu ne?"

"Ɗaya ne, na raba. Wa ke ba Ba'adare dukan abinsa tun farko?" Ta juyo gare ni. "Da ka san akwai wani, da ka kula da shi haka?"

Na ce, "Da na ɗan ƙara barci dai."

Ta ɗora mini shi a hannu. "Wannan nawa ne, mayafi nake so. Kamar wancan, kada ya fi, kada ya gaza." Ta ɗaga murya ta yi wa matan magana da harshensu, yara suka ruga sauran tantuna. Sa'an nan ta dubi Agali ta ce, "Kai kuma baƙonka na tsaye tun ɗazu, raƙumansa da kaya a baya. Haka na koya maka?"